Layi Biyu da Surukata

Mun daɗe da aure ba ko ɓatan wata, sai wata maƙwabciyata a unguwarmu ta Banikanni ta kai ni farmasi na sayi 'yan tsinkayen gwajin ƙwai. Ana tsoma su a fitsari. In layi biyu suka fito jajur, ƙwai na gab da sauka, kwana ɗaya ko biyu gare ki, in ya wuce sai wani watan. Matsalata, maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a tashar Gare. Ƙwai ya sauka yana can garin Malanville, ya dawo kasuwa ta watse.

Wata safiya layukan suka fito raɗau. Na buga masa waya na ce ko kayan sarki ya ɗauko, ya ajiye ya zo. Don murna na manta tsinken a kan taga, ga Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo mana kwana biyu daga Djougou.

Ina wanke-wanke na ji guɗa. Hajiya ce riƙe da tsinken tana hawaye. Ta taɓa ganin layi biyu a gwajin cikin 'yarta, don haka a wurinta magana ta ƙare.

"Alhamdu lillahi! 'Yata, ajiye tukunyar nan. Sabon ciki ba ya son wahala. Yau za mu tafi Djougou in kula da ke."

To, da wane baki zan gaya wa surukata abin da layin ke nufi a yi? Na sunkuyar da kai, ta ɗauka kunyar cikin fari ce.

Sai ga maigida ya sauka daga zem, babur ɗin haya, ya sha aski, turare kamar ango. Ya tarar da jakata a ƙofa.

"Hajiya, ai... ce n'est pas..."

"Rufe mini baki da faransancinka. Kai koma motarka, ka bar yarinya ta huta."

Ƙato guda, ya ɗauki jakar da kansa ya kai mu tasha. Har yau ban gama yafe masa ba.

A Djougou na sha gata: sakwara, wagashi, farfesun zabi, ko tsintsiya ba na taɓawa. Ina ci ina jin haushi, ina lissafin ƙwan da ya wuce a banza.

Ranar da jinina ya zo, Hajiya ta zauna bakin gado tana kuka, wai ɓari na yi a hannunta. Wannan kam na kasa jurewa. Na juya mata baya, na fuskanci bango, na faɗa mata komai. Ni ma kukan nake, don a 'yan kwanakin nan har na fara yarda da cikin.

Ta juyo da ni. Sannan ta share mini fuska da bakin mayafinta.

"Wata mai zuwa in layin ya fito, ki buga mini waya," in ji ta, "in san ranar da ba zan zo ba."