Inda Ƙwayar Leza Ta Ƙone

Kgabo Ramoshaba sunansa, amma a ɗakin gwajinmu na Pretoria kowa Malome yake ce masa, wato kawu, har shugaban sashe. Mutumin Limpopo ne. Tun yana yaro ƙaya ta lalata masa idon hagu wajen kiwo, da na dama ya yi dukan karatunsa.

Aikinsa guda ne, lissafin yadda zafi ke yawo a cikin ƙwayar leza, abar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba amma haskenta na yanka ƙarfe. Kwamfuta takan zana masa taswira, shuɗi inda ke da sanyi, ja inda wuta ta taru. Ƙwayoyinmu suna ta mutuwa, kowa ya ce daga tsakiya suke ƙonewa. Taswirar Malome ta ce daga baki ne, inda haske ke fita. Ya sha tsiya kan wannan.

"Malome, anya kwamfutarka ba giya ta sha ba?" in ji Dineo, abokiyar aikinmu.

"Ke da ko shayi ba ki iya dafawa ba, me kika sani kan zafi? Jeki can, 'yar nan."

Ranar da aka yarda a gwada maganarsa, rawar jiki ta hana shi zama. Tabaran kariya duhu gare shi, tsofaffin hannu kuwa suna da wani mugun hali, su ɗan ɗaga shi su daidaita madubin da ke juya hasken leza. Hasken irin wannan leza ido ba ya ganinsa, balle ya ƙifta. Malome ya ɗaga tabarau ya sunkuya, ya kai hannu ga madubin, zoben aurensa ya mayar masa da hasken cikin idon dama.

Likita ya ce tsakiyar ganin ta tafi, sai gefe-gefe. Bai sake dawowa aiki ba. Har yau abin na ci mini rai.

Da hoton ƙwayar da ta ƙone a gwajin ya fito, ni na kai masa gida a Mamelodi. Ya kawo shi dab da fuska, ya karkata kai, ya juya, ya sake juyawa.

"Thapelo, kar ka yi mini ƙarya don tausayi. Ina ta ƙone?"

"Daga baki, Malome. Daidai inda ka ce."

"Dineo ta gani?"

"Ta gani. Kuka ta yi."

Ya daɗe yana shafa takardar da yatsa, a wani gefe da babu komai sai fari. Ban gyara masa ba.