Muryar Inna a Gwangwanin Madara

A layin shagunan nan kowa ya san Baba Tela da abu biyu. Bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba, kuma ba ya yarda a taɓa tsohon gwangwanin madarar da ke saman kantarsa. Yara sun ɗauka alewa ce a ciki. Muryar mahaifiyarsa ce.

Yana saurayi, farkon buɗe shago, ya sayi rikoda mai cin batir. Inna ta zo ganin wuri, ta zauna a benci tana warware masa zare, tana hira tana haɗawa da faɗa. Shi kuwa ya danna jan maɓalli ya rufe rikodar da ƙyalle. Da aka kunna mata daga baya, ta saurara ta ce, "Wace ce wannan mai surutu haka? Ba ta da aikin yi ne?"

Bayan rasuwarta, kaset ɗin ya zama abokin hirarsa. Sai dai kaset ba ya tsufa da mutunci. Da rikoda ta fara tauna masa zare, Baba Tela ya aro ta maƙwabci, ya jera su baki da baki kan teburin yanka, wannan na faɗa waccan na ɗauka. Wannan aikin ya sa wa suna "ƙaurar Inna". Da kaset ya ɓace a kasuwa, wani ya juye masa a faifan sidi, jikoki suka mayar da faifan madubi har ya karce. Da waya ta zo, ya kara ta a bakin rikoda. Duk wayar da ta tsufa kuma, sai ya sa ta ta karanta wa sabuwar.

Matsalar ita ce Baba Tela ba ya iya zama hannu sake. Ana ƙaura yana taka keke. Don haka kowace ƙaura da abin da take kwasowa: ƙarar keken ɗinki, cinikin mai neman ragi, kukan jariri, sallamar mai wucewa. Inna na ja da baya, gari na matsowa. A wayarsa ta ƙarshe muryarta ta koma kamar daga cikin rijiya. Wata rana ya kara a kunne, ya kasa tsintar ko kalma ɗaya. Ranar bai yi wa kowa tsiya ba, har maƙwabta suka zo tambayar lafiya.

Auta, 'yarsa da ke haɗa sauti a gidan rediyo, ta biyo da yamma ta ji abin da ya faru.

"Baba, shekara da shekaru kana sa Inna ta yi maka ihu ta taga. Ina kaset ɗin farko?"

"Yana gwangwani. Ya tsinke."

"Ba ka yar ba?"

"Tela ne zai yar da abu don ya tsinke?"

Ta miƙa hannu, ya rungume gwangwanin. "Ba na ba da Inna aro."

Haka ya sa babbar riga ya bi ta wurin aiki, gwangwani a cinya, kamar mai kai mara lafiya asibiti. Auta ta liƙe zaren, ta sa a wata tsohuwar na'ura da ke haɗe da kwamfuta, ta kwashe muryar kai tsaye ba tare da ta bi iska ba. Ta ajiye a kwamfutar, ta sa a filashi, ɗan ƙaramin ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ta tura wa yayyenta kowa da nasa.

"Ƙaura ba ta ƙare ba fa, Baba. Waɗannan ma za su tsufa. Amma daga yau ni ce direba."

A gida aka taru a falo, 'ya'ya da jikoki. Ya ɗauko waya zai goge tsohon sautin mai hayaniya, mai ɗakinsa ta riƙe masa hannu.

"Kul! Wa kake ji yana kiranka ka zo ka ci abinci a ciki? Ni ce, lokacin muryata na da daɗi. Jaririn da ke kukan nan kuma ga shi zaune da gemu."

Babban ɗansu ya shafa gemu ya ce shi bai taɓa kuka ba. Aka bar tsohon a inda yake.

Auta ta kunna sabon. Aka ji motsin benci, aka ji tari, sai murya tar, kamar tana bayan labule:

"Kai, Kumatu! Ana magana kana wasa da ƙyalle?"

"Na'am, Inna!"

Kafin ya ankara ya miƙe tsaye, hula a hannu, mutum mai furfura har a gira. Dariya ta ɓarke a falon. Mai ɗakinsa ta yi ta dariya har tana share ido da gefen mayafi.

Ƙaramar jikarsa ta ja masa riga. "Kaka, wane ne Kumatu?"

"Wani yaro ne mara ji," in ji shi, yana komawa kujera. "Auta, mayar da ita baya. Ba ta gama yi min faɗan ba."