Kamama Ba Ta Sauya Suna Ba

Sunan kakata Kamama, wato malam-buɗe-littafi a bakinmu na Cherokee. Duk ƙauyenmu na Big Cove ana yi mata dariya a kai, don mace ce jibgegiya, in ta taka dakalin gida sai katako ya yi ƙara. In an tsokane ta sai ta ce, "Ku je ku tambayi wadda ta raɗa mini." Kakarta ce ta ba ta nata sunan, kwana bakwai da haihuwa.

A makarantar kwana ta Turawa aka rubuta ta Martha. Shekara shida ana kiran Martha tana kallon bango, ta sha bulala har suka gaji.

Ina da cikin fari ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Tsoho Yona mai magani ya kai ta bakin kogi da asuba har sau huɗu, babu sauƙi. Sai ya zauna a gefen gadonta ya ce, "Yaya, ciwon nan ya kama sunan ne. Mu koma ruwa in ba ki sabo, ya neme ki ya rasa." Haka ake yi tun kakanni, kuma na ga waɗanda suka tashi.

"Yona, tun kana yawo ba wando na san ka," in ji ta. "Masu bulala ba su karɓe shi ba, sai kai da ganyenka?"

Mahaifiyata ta durƙusa tana kuka. "Inna, suna ne kawai."

"To ki ba da naki."

Wallahi na ji haushinta ranar, har na fita na bar mata ɗakin. Gani nake taurin kai ya fi mata mu.

Da azahar ta aika a kira ni. Ta ɗora hannu a cikina ta ce, "In na ajiye sunan a kogi, me zan ba wannan?"

Kwana tara ta ƙara, ta rasu. Da na haifi mace, dangi suka taru a kaina, wai sunan da ciwo a cikinsa, kada in kuskura in raɗa mata shi. Mahaifiyata ta ce ba da bakinta ba. Na naɗe jaririyar na tafi wurin Yona ni kaɗai. Ya daɗe yana kallon mu, sannan ya ɗebo ruwa a tafin hannu.

"Faɗi sunan da ƙarfi," ya ce. "Kunnena ya yi nauyi."