Bijimin Kawu Kalilu

Kawu Kalilu ƙanin mahaifiyata ne, kuma duk wani allon talla da ke kan titin kasuwar garinmu a da, hannunsa ne. Bai yi boko ba. In aka ba shi rubutu a takarda kwaikwaya yake yi baƙi bayan baƙi, amma hoto kam ba sai an nuna masa ba. Mai aski ya zana masa kai da almakashi, mai faci taya, mai kaji zakara. Rabin masu cin kasuwarmu daga ruga da tsallaken iyaka suke zuwa, ba su karanta boko, da hoton Kawu suke gane shago.

Da aka ƙaddamar da shari'a yana cikin masu murna, har sabuwar riga ya ɗinka. Bayan kamar shekara ɗaya ƙaramar hukumarmu ta kafa kwamiti, aka ce ba mai kafa allo a bakin titi sai an duba shi an buga hatimi. A lokacin na gama sakandare ina zaune gida, don haka ni ce mai cike masa fom.

Aikin farko da ya faɗa hannun kwamitin na Hamma ne, wani Bafillace abokin Kawu da ya buɗe shagon maganin dabbobi. Hamma ya ce bijimi yake so, fari, ƙosasshe, wanda makiyayi zai hango daga kasuwar shanu ya san inda zai nufa. Kawu ya je Daura ya sayo fenti, ya yi kwana tara a zaure a kan falle ɗaya na kwano. Ban taɓa ganin ya yi aiki irinsa ba. Tozon nan ya kwanta gefe, idon nan kamar zai ƙifta.

Zuwanmu sakatariya na farko, jami'in ayyuka, wani mai suna Sada, ya auna allon ya ce ya yi daidai, amma Malam Harisu mai duba abin da aka zana ba ya nan. Zuwa na biyu Malam na nan, Sada ya tafi da makullin ofis. Sai a na huɗu muka same su tare.

Malam Harisu ya daɗe yana kallon bijimin. Ya ce, "Malam Kalilu, Allah ya ba ka hannu. Amma abu mai rai ne. In dai sai an kafa shi, a raba kan da gangar jiki."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, yadda ka ce haka za a yi."

Bai yi musu ba. Da muka koma gida ya tsoma buroshi a baƙin fenti ya ja layi guda a wuyan bijimin. Aka buga hatimi, aka kafa allo.

Kasuwa biyu kawai allon ya yi a tsaye. Rannan da hantsi sai ga Hamma ya turo shi a baro har ƙofar gidanmu.

Ya ƙwala wa Kawu kira irin na wasan da suka saba, "Kaɗo, fito ka karɓi yankakkenka."

"Wane irin yankakke kuma, Agwai?"

"Ni magani nake sayarwa, ka mai da ni mahauci. Wani tsoho ya tsaya ya kalla ya ce mini, Hamma, wannan bayan ya sha maganin naka ne? Mutum biyu sun zo suna tambayar kilishi. Ba makiyayin da zai shiga ƙarƙashin saniyar da aka sa wa wuƙa ya nemo wa tasa lafiya."

Ni da nake leƙe daga soro na ga kamar abin mai sauƙi ne. Bayan tafiyar Hamma na ce, "Kawu, ka mai da layin nan igiya mana. Ka ɗan yi masa tufka, makiyaya su ga ɗaurarren bijimi, a takarda kuma yana nan yadda Malam ya gani."

Ya dube ni ya ce, "Raihana, Malam zan yaudara ko wa? Ya ce a raba, na ce to. Ba zan dawo ta bayan gida in haɗa ba."

Ya yanke shawarar shafe bijimin ya zana kwalba da sirinji. Muka koma sakatariya neman izini. Sada ya buɗe fayil ya ce abin da aka amince da shi bijimi ne mai layi, canza shi sabon nema ne, sabon fom, sabon zama. Ya ƙara da cewa ko cire allon da aka yi ba tare da sanar da su ba laifi ne, amma ya yafe. Kawu ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe. Yaushe ne zaman?" Ya ce sai Malam ya dawo daga Hajji. Malam ya dawo, aka canza shugaban ƙaramar hukuma, aka ce sai an sake rantsar da kwamiti. Duk Litinin muna kan bencin nan, har masinja ya daina tambayarmu abin da ya kawo mu.

Damina ta kawo jiki, lokacin da kowa ke neman maganin tsutsa, shagon Hamma ba alama. Bai ƙara jira ba. Ya je wurin mahauta ya samo ƙaho biyu manya ya rataye a saman ƙofa, makiyaya kuwa suka yi ta shiga. Kawu ya tambayi Sada ko ƙaho na buƙatar hatimi, ya ce a'a, ai ba allo ba ne.

A hanyarmu ta dawowa ne kaɗai na ji Kawu ya yi ƙorafi. Ya ce, "Nawa da ba wanda ya taɓa shi da wuƙa an guje shi. Ga ƙahon wanda aka yanka aka cinye, suna ta sunkuyawa suna shiga."

Sauran masu shago suka ga hanya. Mai faci ya rataye tsohuwar taya, mai dusa ya ajiye buhu a kan benci. Ba wanda ya sake zuwa zauren Kawu neman hoto.

Takardar izinin kwalba da sirinji ta fito bayan wata goma sha ɗaya. Na kai masa yana fentin ƙyauren wani gida, aikin da ya koma yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya ce, "To, adana ta," ya ci gaba da shafa shuɗinsa.

Tana nan a akwatina. Allon kuma Kawu bai shafe ba, shi Inna mahaifiyata ta tokare ƙofar garken awakinta da shi, fuskar bijimin na kallon ciki.