Azumina a lab ɗin ƙoda

Farfesa ta jera robobin ruwa ta ce kowa ya shanye ɗaya, za mu auna fitsari mu ga yadda ƙoda ke aiki. Ni kuwa azumi nake, ga zafin Yuli, tun da na baro unguwarmu Parkchester maƙogwarona a bushe. Wanda bai yi lab ɗin physiology ba makinsa ya tafi, ga shi nas nake son zama.

Na matsa kusa da ita.

"Farfesa, ba zan iya sha ba, ina azumi."

"Ko ruwa? Tun yaushe?"

"Tun asuba."

Ta yi murmushi. "Duk shekara sai na roƙi wanda zai haƙura da sha, mu kwatanta sauran da shi. Yau kin hutar da ni."

Fitsarina ya fito ɗan kaɗan, kalar shayi. Da shi ta nuna wa aji yadda ƙoda ke tattalin ruwa idan jiki ya rasa.

Tun ina yarinya nake azumi, ban san akwai masu taya ni daga ciki ba. Alhamdulillah.

Ku fa, wace gaɓa ce ba ku taɓa gode wa Allah a kanta ba?