Ƙofa Ta Ashirin Da Huɗu

Daeng Nompo ba ya kiran ƙofofin suwic ɗinmu da lamba sai in ransa ya ɓaci. Suwic dai shi ne akwatin da ke raba intanet a ofishin ƙungiyar masunta ta garinmu, a tsibirin Selayar. Ƙofofi ashirin da huɗu ne, kowace da wayarta, duk a cike. A cikin saitin akwai gurbin da ake rubuta inda waya ta nufa. Masu hankali kan rubuta "sito" ko "ɗakin taro". Shi kuwa sai ka ga "Pak Basri mai minshari", "sikeli, kada a taɓa", "Eda mai faɗa". Edar nan ni ce. Shekara tara ina aiki a ƙarƙashinsa, na yi faɗan har na gaji, bai goge ba. Ƙofa ta ɗaya, wadda ta nufi teburinsa, "ni" kawai ya rubuta mata.

Da hawan turakun tarho ya fara, tun yana saurayi. Wayar jan ƙarfe ta san hannunsa: silinta takwas yake jerawa da yatsa yana hira, ba ya ko dubawa. Da idonsa ya fara rauni, wannan ce ta rufa masa asiri. Ni na sani, shi ma ya san na sani, ba mu taɓa maganar ba.

Bayan katangarmu akwai rumfar Mak Saodah, mai kofi da soyayyar ayaba. 'Yarta Hasni tana jinyar wani tsoho a Taiwan, kuma ba a ba ta wayarta sai ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya, na rabin awa. Sabis ba ya kaiwa rumfar, dutse ya tare. Shekara shida da suka wuce Daeng Nompo ya nemi izini, ya jawo waya daga ƙofa ta ashirin da huɗu, ta taga, zuwa wani ɗan akwati mai watsa intanet a ƙarƙashin rumfar, don Mak Saodah ta riƙa ganin 'yarta ta bidiyo. A saiti ya rubuta "kofi". Tun daga nan babu ranar da bai yi mata ƙorafin sikari ya yi yawa ba.

Makonsa na ƙarshe kafin ritaya aka gama sabon gidan ƙanƙara, mita ɗari uku daga ofis. Jan ƙarfe ba ya wuce mita ɗari, don haka aka ja faiba, wannan zaren gilashin da haske ke bi. Sabon manajanmu Pak Irwan ya so ni in haɗa. Daeng Nompo ya ce wannan dai a bar masa, ya tafi da abin tunawa. Na goya masa baya da ƙarfi, har na ɗan wuce gona da iri.

Ranar Alhamis Pak Irwan ya tara dattawan ƙungiya a ɗan ɗakin suwic. Daeng Nompo ya goge bakin faibar, ya tura, ta yi ƙas. 'Yar fitilar ƙofar ba ta kama ba.

"Daeng, ko ka juya silin ne?" in ji Pak Irwan.

Ya cire, ya juya, ya mayar. Shiru.

Na leƙa ta kafaɗarsa, sai na gane. Ƙofar faibar lambarta ashirin da huɗu, kamar ta jan ƙarfen da ke kusa da ita, wadda ta nufi rumfa. Ƙofa biyu ne, ɗaki ɗaya: in ɗaya ta buɗe, ɗayar ta rufe. Shekara shida ba mu da faiba, duk mun manta. Layi ɗaya zai rubuta a saiti fitila ta kama, amma intanet ɗin rumfa ya yanke. Shi ya koya mini wannan.

Na buɗe baki, sai ya taka mini ƙafa. A lokacin na ji muryar Mak Saodah ta taga tana cewa, "Ke, matso da fuskarki, kin rame! Ba sa ba ki shinkafa ne?" Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti goma.

"Bari in sake gogewa, Pak Irwan," in ji Daeng Nompo. "Ƙura ce."

Minti ashirin ya yi yana goge abin da ba shi da datti. Pak Basri ya ce, "Nompo, in ara maka tabarau?" Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba, "Tsufa dai ba ya jin magani." Pak Irwan ya ce, "Daeng, don Allah ba Eda wuri."

"Eda ba ta iya gogewa ba," ya ce.

Wallahi na so in shaƙe su duka, har shi. Mutum ya yi shekara arba'in yana aiki, a ce da wannan za a tuna shi! Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kuma tausayinsa ya cika ni.

Sha ɗaya da rabi Mak Saodah ta ce, "To, Allah ya tsare mini ke." Daeng Nompo ya ajiye ƙyallen, ya zare wayar rumfar, ya rubuta layinsa ɗaya da yatsa biyu. Fitila ta kama koriya. Aka tafa sama-sama, aka watse.

"Ka bari sun raina ka," na ce.

"Ke dai da faɗa. Riƙe mini wannan."

Wayar rumfar ya miƙo mini, ga shi babu ƙofar da ta rage. Ya tsaya yana shafa jerin wayoyin da yatsa har ya kai ta farko, ya zare tasa, ya karɓi ta Mak Saodah ya sa a wurin. Ya kai fuskarsa dab da allo, ya goge "ni", ya rubuta "kofi", ya adana saitin sau biyu kamar yadda ya saba.

"Gobe da me za ka yi aiki?"

"Gobe ina rumfa," ya ce. "Akwai sabis a can."