Boka Maikushewa

Ranar wata Talata, ranar da aka yi ruwan shuka a shekarar da na shiga aji huɗu, Yaya Lawali ya ƙirƙiro wasan da ya cinye mana daminar nan gaba ɗaya. Ruwa ya koro mu daga gona tun kafin azahar, muka fake a zauren gidanmu mu huɗu: shi Lawali mai shekara goma sha uku, ni Hafsatu ina da tara, Dije 'yar rugar bayan gari da ruwa ya tsare da ƙwaryar nononta, sai ƙanenmu Sadiƙu da ke goye a bayana duk da ya kusa cika shekara uku. Lawali ya ɗauki karan dawa ya zana gari a ƙasan zauren, ya zana daji da gulbi da wani dutse mai kogo. Ya ce kowannenmu ya gina mutum da laka, ya sa masa suna, ya faɗi ƙarfinsa, ya kuma faɗi rauninsa. Shi zai riƙa ba da labarin abin da ke faruwa, mu kuma mu faɗi abin da mutanenmu za su yi.

Alƙalin wasan ɓawon gyaɗa ne guda huɗu. Idan mutuminka zai tsallake gulbi ko ya kara da dodo, sai ka watsa su a ƙasa. In uku suka faɗi a buɗe ka yi nasara, in suka kife ka shiga uku. Abu mai wuya sosai kuwa sai huɗun duka sun buɗe. Akwai doka ɗaya da Lawali ba ya sassautawa: wanda ya mutu a wasan ya mutu ke nan, a take zai murƙushe lakar da tafin hannunsa. Na yi kuka ranar da ya murƙushe maharbiyata ta farko, ko kallona bai yi ba. Dije ta gina makiyayi mai jin maganar shanu, rauninsa shi ne ba ya iya ƙetare ruwa. Sadiƙu ya yi ta rigima sai an sa shi, don haka na gina masa 'yar kura mai kunne ɗaya, ɗayan ya ɓalle tun kafin ta bushe. Bai iya cewa kura ba, Kuya yake ce mata. Ba ta da wani aiki a labarin sai dariya, duk inda aka kai sai ya ɗaga ta sama ya ƙyalƙyale, Lawali ya ce dodanni sun tsorata sun gudu.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Anka da Bagega, kuma a shekarun nan zinariya ta shigo kowane gida. Maza suna zuwa ramuka su dawo da buhunan dutse a bayan babur, mata su farfasa su daka a tsakar gida, a niƙa, a wanke a kwano. Baba ya sayi kwanon rufi, Inna ta yi sabbin zannuwa, har shinkafa muka fara ci ba ranar sallah ba. Aikina shi ne ɗebo ruwa, shara, korar awaki daga shanyar gero, da rainon Sadiƙu. A bayan ɗakin Inna akwai inda ake zubar da ruwan wankin dutse, ƙasar wurin ta zama laka mai laushi, launin toka, ba tsakuwa ko ɗaya a cikinta. Ni na gano cewa babu lakar da ta kai ta daɗin gini. Ba ta tsagewa, in ta bushe har sheƙi take yi. Da ita na gina duk mutanen wasanmu. Sadiƙu kuwa ba ya rabuwa da Kuya. Da ita yake barcin rana, in hannunsa ya cika da abinci sai ya riƙe ta da baki, in yana jin ƙyuya ya yi ta tsotsar kunnenta ɗayan nan. Ta narke na sake gina masa wata, ta sake narkewa na sake ginawa. Sau nawa, ban ƙirga ba.

Ana cikin yankan gero yara suka fara ciwo a garin. Zazzaɓi, amai, sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne, aka yi rubutu, aka yi turare. Sadiƙu ya fara da daina dariya. Ya zama mai yawan kuka, in na sauke shi sai ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Wata safiya ina share gindin murhu, yana bayana, na ji ya sandare, kansa ya bugi ƙeyata. Baba ya ɗauke shi a babur shi da Inna zuwa Anka. Hanyar ba ta da kyau, ruwa ya cinye ta. Da la'asar suka dawo, Inna na rungume da shi an lulluɓe shi da mayafinta har kai. A makon nan kaɗai an fita da gawar yara daga gida uku a layinmu. Har tsawon wata guda, in na tashi da safe sai na tsinci kaina ina neman zanen goyo.

Bayan wasu watanni likitoci suka zo da fararen motoci. Suka ɗebi jinin yara, suka auna ƙasar gidaje da wata na'ura. Aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari, wani ma'aikaci ya yi bayani da Hausa cewa dutsen da ake dakawa yana ɗauke da dalma, ƙurarsa guba ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa saboda komai suka samu baki suke kaiwa. Ina tsaye a bayan mata da tulu a kaina. Da ya ce baki, sai na tuna da Kuya a bakin Sadiƙu. Ban gaya wa kowa ba. Daga baya ma'aikata suka shigo da shebur da baro suka kankare ƙasar tsakar gidanmu, suka kwashe ta cikin buhuna, suka zuba mana sabuwa ja da aka ɗebo daga nesa. A bayan ɗakin Inna sun fi daɗewa, sai da suka haƙa har gwiwa. Mutanen wasanmu da ke jere a gindin rumbu duk suka tafi cikin buhunan nan, har da Kuya ta ƙarshe.

Mun daɗe ba mu yi wasan ba. Ni ce na tayar da maganar, wata ranar Alhamis da ba mu da makarantar allo, bayan mun dawo daga ɗebo itace. Na ce wa Lawali ina da sabon mutum. Kwana uku na yi ina gina shi a ɓoye. Sabuwar ƙasar yashi ne ya yi mata yawa, tana bushewa tana tsagewa, sai da na kwaɓa ta da kashin shanu da Dije ta kawo mini. Duk da haka ya fito da tsaga daga goshi har ƙirji, na bar shi haka, na ga ya dace da shi. Na huda masa ramuka biyu a madadin idanu, ban sa komai a ciki ba. Na ba shi sanda ta tsinken tsintsiya, na rataya masa 'yar jaka ta ɓawon goruba, na naɗe shi da wani farin ƙyalle da na tsinta a shagon tela.

Lawali ya juya shi a hannu ya tambayi sunansa. Na ce Boka Maikushewa. Ya tambayi ƙarfinsa. Na ce ai shi ya riga ya mutu, saboda haka ba wanda zai iya kashe shi. Na ba su labarinsa yadda na tsara shi a raina: mai magani ne, an aiko a kira shi wurin wani yaro marar lafiya, ya ɗauki jakarsa ya kama hanya, gulbi ya cinye shi kafin ya isa. Aka binne shi, amma ya kasa kwanciya saboda maganin na nan a jakarsa bai kai ba. Sai ya taso. Tun da ya je ya dawo, ya san hanyar, kuma yana iya komawa ya riƙo hannun mutum ɗaya ya fito da shi.

Dije ta matsa baya kaɗan, ta ce ita dai tana jin tsoron wanga abu. Lawali ya dubi ramukan idanun nan.

"To mi ne rauninsa?" ya ce.

Ban shirya wannan ba. Na yi tunani, na ce ba ya cin abinci, ba ya jin ɗumi ko a bakin wuta, kuma duk gidan da ya yi sallama ba a amsa masa. Lawali ya ce wannan abin tausayi ne, ba rauni ba. Shi ya yanke: bokan zai gwada sau ɗaya tak, sai ɓawo huɗu sun buɗe, in ko ɗaya ya kife, zai koma ƙasa har abada. Sannan ya tambaye ni wa zai ɗauko. Ya san amsar, amma doka ce sai na faɗa da bakina. Na ce Kuya.

Ya zana taswirar a sabuwar ƙasa, a inuwar rumbu. Ya ba da labarin tafiyar a hankali, ba da irin muryar dodannin da ya saba ba. Bokan ya ratsa daji, ya wuce gari ana rufe masa ƙofofi, ya isa bakin kogon dutse. Lawali ya miƙo mini ɓawon. Na watsa su. Uku suka buɗe. Na huɗun ya gangara ya kife a kusa da gwiwar Lawali. Dukanmu mun gani. Yayana, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a wasan nan ba, ya sa ɗan yatsa ya birkice shi, bai ɗago kai ba.

"Huɗu," ya ce. "Kura ta dawo."

Sai muka zauna muna kallon taswirar. Babu kurar da za a ajiye a bakin kogon, babu kuma mai ɗaga ta sama. Dije ta buɗe baki za ta kwaikwayi dariyar nan, sai ta fasa. A nan kukan da na riƙe tun ranar taron ƙofar mai gari ya ƙwace mini.

Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ashe duk tana jin mu. Ta ajiye rariya ta zo ta tsuguna. Na zaci duka zan sha saboda wasa da boka da likkafani. Kafin ta yi magana na faɗa mata komai: lakar bayan ɗaki, Kuya, kunnen da yake tsotsa, yadda na yi ta gina masa sabuwa. Ta bar ni har na gama.

"Ke kin ba shi laka," ta ce. "Ni kuma cikin turmin da nike daka mishi fura nike daka dutsen. Babanku shi ya ɗauko shi bisa babur ya kawo gida. Ba wanda ya sani cikinmu, Hafsatu. Kwanansa ne sunka ƙare."

Ban taɓa jin ta yi maganar ba sai ranar, ban kuma sake ji ba. Ta ɗauki bokan ta warware farin ƙyallen ta soke a ƙugunta, ta ce wannan ba kayan wasa ba ne, kuma wanda ya tafi addu'a yake so, ba a zuwa ɗauko shi. Ta ajiye mini shi a hannu tsirara, ta ce mu je mu wanke hannu da sabulu kafin mu ci tuwo. Na ɗora shi a kan katanga. Ruwan farko na daminar da ta biyo ya narkar da shi. Ba mu sake yin wasan ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Gummi. Ƙauyenmu ya watse saboda rashin tsaro, Inna ta rasu a gidan haya a Anka, kuma shekaru ke nan ba wanda ya iya zuwa ya ga kushewar Sadiƙu. Yaran da nake koyarwa suna irin wasanmu a waya. Akwai matattun bokaye a ciki, an zana su da kyau, da wuta a idanu, yaro ya zaɓi wanda yake so, in an kashe shi ya danna ya tashi. Ba na hana su, nakan dai tsaya in kalla. Lawali yana aikin babur, furfura ta fara fito masa, yana da 'ya'ya biyar, na farin sunansa Sadiƙu. In ya kawo mini ziyara mukan yi hirar gona da tsadar taki da mutanen garinmu, wa ke ina, wa ya rasu. Ban taɓa yi masa maganar ɓawon gyaɗan nan ba, shi ma bai taɓa tayar da ita ba. Amma a duk alherin da aka yi mini a duniya, birkice ɓawon nan da ya yi shi na fi tunawa.